Wayar da na zare ranar Talata

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ko kana cikin mota kafin Ngaundere, ko ka riga ka hau jirgin ƙasa. Allah ya sauke ka Duwala lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da na mutum, ya sa ka shiga sabon aikinka da ƙafar dama. Na cusa ta ƙarƙashin ƙunshin kilishi ne da gangan, don na san shi hannunka zai fara nema tun ba ku bar Garwa da nisa ba. Goge man hannunka kafin ka ci gaba da karatu.

Na san abin da ke ranka, ko ba ka faɗa ba. Za ka bar gida kana ganin uwarka ba ta yarda da aikinka ba. Wata huɗu ke nan da ka gama staj, wato koyon aiki, a ofishinmu na manoman auduga, ka sake wa manyan suwic ɗinmu biyu, na'urorin da ke haɗa kwamfutocinmu, tsari, ni kuma na tashi a gaban Darakta da mutane na ce kwalliya ce kawai ta yaron da ya karanta littafi. Tun daga ranar ka daina yi mini hirar aiki a kan tabarma. Kana gaishe ni, kana cin abinci, kana tashi. Abin ya dame ni ƙwarai, kuma laifina ne. Kai ɗan fari ne, ga sunan mahaifina a kanka, bakina bai saba da yabonka ba, balle ba ka haƙuri ido da ido. Shi ya sa na ɗauki biro. Amma ka yi haƙuri ka fara jin shirmen da na tafka a wannan aiki, sai ka gane inda tsorona ya samo asali.

Ka san maganar, amma bari in faɗe ta yadda nake faɗa wa Darakta. Kowace kwamfuta a ofis adireshi ɗaya tak ta sani na fita waje, ƙofar da kuke kira passerelle a makaranta. In na'urar da ke riƙe da wannan adireshi ta mutu, kwamfutoci za su ci gaba da hira a tsakaninsu, amma ko harafi ɗaya ba zai kai wurin awon auduga na Pitowa ba, na can ma ba zai iso mu ba. Motoci su tsaya a layi, manoma su zauna a rana. Duk shekarun da na yi a ɗakin na'urorin nan, tambaya ɗaya nake ta amsawa: in ƙofar nan ta mutu, wa zai karɓa?

Amsata ta farko ita ce kwali. Shekarar da na yaye ka, na sa aka sayo na'ura ta biyu, sabuwa fil, na kai ta sito na ce ga ta ko-ta-kwana. Har ina taƙama. Ranar da ta farkon ta ƙone, Malam Hamadu mai kula da sito ya tafi suna Pitowa da makulli a aljihu. Na haye bayan babur da zanena, na je na tsamo bawan Allah daga tsakiyar jama'a yana shirin sa hannu a tuwo. Muka dawo, muka buɗe kwali, na jona. Ashe na'ura ba ta san komai ba, ban taɓa zuba mata tsari ko layi ɗaya ba. Na ce ba komai, ai na ajiye tsarin tsohuwar. Ina na ajiye shi? A cikin imel ɗina, wanda sai an bi ta ƙofar da ta mutu ake kai wa gare shi. Wallahi dariya na yi, don kuka ba zai yi amfani ba. Haka na zauna ina tuno layi-layi da ka har la'asar, Malam Hamadu yana tsaye a kaina yana lissafa mini irin naman da ya bari.

To ka riƙe wannan: abin da ke cikin kwali ba mataimaki ba ne, kaya ne. Kuma duk abin da za ka bukata ranar da rezo, wato hanyar sadarwar kwamfutoci, ya faɗi, kada ka ajiye shi a inda sai da rezo ake isa. Ka buga shi a takarda, ka maƙale a bayan ƙofa.

Bayan haka na koyi VRRP, kuma har gobe ina son abina. Na'ura biyu a kunne, adireshi ɗaya a tsakaninsu. Babba tana aiki tana cewa "ina nan" kowace daƙiƙa, ƙarama tana saurare. In ta ji shiru sau uku, sai ta ɗauki adireshin ta ci gaba, kwamfutoci ba su ma san an yi canji ba. Tsari ne mai sauƙi, ko daga barci aka tashe ka za ka gane wace ce ke riƙe da ƙofa. Na kafa shi na koma gida ina jin babu kamata a duk arewa.

Butar shayi ce ta kunyata ni. Kuma tawa ce, kada ka ɗora wa kowa. Wata safiya na rasa inda zan jona ta, na hango rami ɗaya a multipriz, abin jona wuta mai ramuka da yawa, da ke bayan kabad ɗin na'urori, na soka. Ruwa bai ko fara ɗumi ba na ji ƙas, ɗaki ya yi tsit. Babba da ƙarama duk a multipriz ɗaya na jona su, da hannuna, tun ranar farko. Suka mutu tare kamar an yanka. Darakta ya leƙo ya tarar da ni da buta a hannu, ban ma iya ɓoye ta ba. Har yau in rezo ya ɗan yi nauyi sai ya tambaye ni ko na ɗora shayi.

Don haka in aka nuna maka zane aka ce komai biyu-biyu ne, ka yi godiya, sannan ka durƙusa ka bi waya da hannunka har bango. Wutarsu ɗaya ce? Bututun da wayoyinsu suka bi ɗaya ne? In akwai wuri guda da abu ɗaya zai kashe su tare, to ɗaya gare ka, ba biyu ba. Kada ka ji kunyar ɓata gwiwar wandonka.

Ban gama ba, kada ka ninke takarda. Akwai shekarar da masu gyaran kwata suka datse wayar da ke fita daga babbar zuwa waje. Ita babbar lafiyarta ƙalau, fitilunta kore shar, tana ta cewa "ina nan, ina nan". Ƙarama kuwa, mai ladabi, ga hanyarta a buɗe amma ta naɗe hannu, tunda ba a yi shiru ba. Duk saƙon ofis yana zuwa wurin babba yana faɗawa rami. Awa biyu na yi ina rantsuwa a waya cewa laifin masu ba mu layi ne, har na yi wa wata baiwar Allah tsawa, alhali ni ce ban gaya wa babbar ta riƙa duba hanyar bayanta ba, ta sauka da kanta in ta yanke. Washegari na kira matar na ba ta haƙuri. Ka koya wa na'urarka cewa kasancewa a kunne daban, iya aiki daban. Kuma kafin ka ɗaga murya a kan wani, ka fara duba naka ɗakin.

A zafin bazarar da ta biyo baya kuma, lokacin da wuta ke zuwa tana komawa, sai babbar ta koyi wani hali. Da ta farfaɗo sai ta fizge ƙofa daga hannun ƙarama nan take, tun ba ta gama sanin hanyoyi ba, sai komai ya tsaya na ɗan lokaci. Wuta ta sake ɗaukewa, a sake mayarwa. Yini guda suna miƙa wa juna. Sak babanka in ya tashi daga barcin rana ya fara ba da umarni bai tambayi abin da aka yi a bayansa ba. Kada ka gaya masa na faɗa. Maganin bai fi layi ɗaya ba: in ta dawo ta jira minti biyu ko uku, ta natsu, sannan ta karɓa. Na so a ce akwai irin wannan layin na mutane.

Yanzu ga wanda ya shafe ka. Zaman ƙaramar nan ba aiki ya riƙa ci mini rai. An kashe mata wuta, an ba ta sanyi, ita kuwa sauraro kawai. Sai na samu wani tsari da ke raba kaya: adireshi ɗaya ne dai, amma in kwamfuta ta tambayi inda ƙofa take, wannan a nuna mata ta dama, waccan a nuna mata ta hagu. Na ji daɗi, na ce yau kowa zai ci guminsa. Wata uku lafiya lau. Sai ɗayar ta kamu da irin ciwon nan na rabi da rabi, ba ta mutu ba, ba ta aiki. Babana, ban taɓa ganin rana irin wannan ba. Tebur biyu a jere, wannan yana aika saƙo, na kusa da shi ko motsi. A kashe kwamfuta a kunna, mai aiki ta daina, marar aiki ta tashi. Mutane suka fara zargin juna da taɓa waya. Malam Hamadu ya ce shi dai a kira malamai. Na yi ta zarya daga tebur zuwa tebur har ƙafafuna suka kumbura, ban gano ba sai da rana ta yi sanyi, motocin auduga kuwa sun yini a Pitowa ba a sallame su ba. A ranar na mayar da VRRP ɗina, na yi alkawari a zuciyata ba zan sake barin na'ura biyu su riƙe ƙofa a lokaci ɗaya ba.

Ka ga inda ka taka ni. Ka zo da ƙuruciyarka ka ce a haɗa suwic biyu su zama kamar ɗaya a idon sauran, kowace babbar kwamfuta ta miƙa waya ga kowannensu, duka biyun su riƙa fitar da saƙo, in ɗaya ya faɗi babu jiran shiru sau uku. Kana magana, ni kuwa ƙafafuna da suka kumbura nake tunawa. Na tambaye ka, in babbar wayar da ke tsakaninsu ta yanke fa, kowanne ya ɗauka ɗan'uwansa ya mutu? Ka ce shi ya sa ka ja wata 'yar waya daban, ruwan ɗorawa, ta cikin silin, don su riƙa jin numfashin juna ko babbar ta yanke, ɗaya ya sauka ya bar wa ɗaya. Amsa ce mai kyau, na ji ta sarai. Amma ina jin kunyar a ce ɗana ya gyara mini aiki a gaban mutane, sai na ce kwalliya. Darakta ya bi shawararka duk da haka, ni kuma na ƙi ko kallon kabad ɗin. Ka yafe mini. In wani babba ya yi maka irin wannan a can, kada ka yi fushi da wuri. Ka tambaye shi wace rana ce ta taɓa ƙona shi, za ka ji labari, kuma wataƙila ka ƙaru.

Inda za ka, na ji ba suwic biyu ba ne, ɗaki ne guda cike da layin kabad. Littafin da ka bari a kan tabarma na karanta shi a ɓoye, ina mayarwa yadda ka ajiye. Na ga abin da suke kira anycast: kowane suwic da ke saman kabad shi ne ƙofa, duk adireshinsu ɗaya, lambarsu ɗaya, ko an ɗauke aiki daga wannan kabad zuwa wancan ƙofarsa tana nan a kansa. Babu babba, babu ƙarama, babu zaɓe. Ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Ban taɓa sa masa hannu ba, don haka ba zan koya maka shi ba. Abu ɗaya kawai idon tsohuwa ya hango. Tsarin da ake zuba wa suwic hamsin a lokaci guda, kuskurensa ma hamsin ne a lokaci guda. Kuma in harafi ɗaya ya bambanta a suwic ɗaya, za ka sha irin yinin da na sha, wannan yana aiki na kusa da shi ba ya yi. Ka fara da kabad ɗaya, ka sha ruwa, ka duba, sannan ka wuce gaba.

In suka tambaye ka wanne ya fi, kada ka yi saurin zaɓa don a ga ka sani. Ƙaramin wuri mai na'ura biyu, VRRP ya ishe shi, kuma duk wanda ke gadi zai gane shi. Wurin da ba ya jure ko daƙiƙa uku, irin naka tsarin ya fi. Babban ɗaki da aiki ke yawo daga kabad zuwa kabad, sai na littafinka. Ni dai kafin in zaɓa yanzu ina tambaya: in ya lalace, wa zai fara ji a jikinsa, kuma wanda ke wurin a ranar zai iya gane abin da ya faru ba tare da ya kira ni ba?

Babban kuskurena kuwa ban faɗa ba tukuna. Duba duk labaran nan. Kwali, buta, masu kwata, zafin bazara. Babu ɗaya da ni na gano da kaina, duk faɗo mini suka yi. Shekara ashirin da ɗoriya ina cewa akwai mataimaki, ban taɓa samun ƙarfin halin kashe babba da hannuna in ga ko gaskiya ne ba. Tsoro nake ji. Kai kada ka gaje shi. Ka nemi izini, ka sanar da wanda ya kamata, ka shirya hanyar komawa, sannan ka zare waya da rana tsaka idonka biyu. Gara ka ga abin da zai faru a ranar da ka zaɓa.

Na ce ba zan ba ka shawarar da ban bi ba. Ranar Talatar nan, kana kasuwa wajen neman akwati, na shiga wurin Darakta na ce zan gwada aikinka. Ya ce yau, ana tsakiyar awo? Na ce yau ɗin, in ya faɗi a kaina. Ƙarfe sha ɗaya na shiga ɗakin, na sa kwamfutata tana ƙwanƙwasa Pitowa kowace daƙiƙa, na yi bisimilla, na zare wutar suwic na farko. Na kalli allo. Layi ɗaya ya ɓace, na biyun ya dawo, suka ci gaba da gangarowa abinsu.

Ban yarda ba. Na fito na bi baranda ina leƙa ofis-ofis. Babu wanda ya ɗaga kai. Na kira Pitowa, mai awo ya ce jam, lafiya ƙalau, me ya faru? Na ce gaisuwa ce. Na koma na mayar, na jira, na kashe na biyun. Haka dai. Sai na tsaya a gaban babbar wayar da ke tsakaninsu, wadda na ce ita za ta kashe mu. Na daɗe a tsaye. Na zare ta. Fitilun ɗayan suka sauka a hankali, ya bar wa ɗan'uwansa, daidai yadda ka faɗa, 'yar wayarka ta silin tana ta ƙyaftawa. Allo bai ko yi tari ba.

Zama na yi daɓas a ƙasa ina dariya, hawaye na zuba. Malam Hamadu ya leƙo da sandarsa, ya gan ni da waya a hannu, ya ce, "Hajiya, in nemo babur ne?" Na ce a'a, yau kowa ya ci tuwonsa.

Daga nan ban tsaya ba. Na tarar da Darakta da mutanen nan dai da suka ji na ce kwalliya. Ya tambaye ni yaushe zan fara gwajin. Na ajiye masa wayar a kan tebur na ce an gama tun ɗazu. Sannan na ce, "Ranar nan na yi kuskure. Aikin ɗana ya fi nawa." Ɗana na ce, Babana, da bakina, a gaban mutane. Ka san ban taɓa ba tun da aka haife ka. Sai Malam Hamadu ya ce to yau kam sai a ɗora shayi.

Da yamma ka dawo da akwatinka ka tarar na yi miyar kifin Binuwai, na tura maka kan kifin gaba ɗaya. Ka tambaye ni ko akwai wani abu. Na ce kifi ne ya yi yawa a kasuwa. Ƙarya na yi, Allah ya yafe mini. Murna ce ta cika ni har na rasa inda zan sa ta, sai na sa ta a kwanonka.

Ka riƙe salla a kan lokaci, ka ci abinci mai zafi ko sau ɗaya a yini, ka gaishe da masu gadi da masu shara da sunansu. Allah ya yi maka albarka, ya tsare gabanka da bayanka, ya haɗa ka da abokan aiki masu tsoronsa, ya sa hannunka ya zama alheri a kan duk abin da ka taɓa. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

In ka sauka ka kira babanka. Sannan ka kira ni daban, a tawa wayar. Kada ka ce ai ka gaya masa zai gaya mini, na gwada wannan hanyar shekara da shekaru, ba ta isowa. Kuma in ka kira, ka tanadi lokaci, ina da tambayoyi a kan babi na bakwai na littafinka. Yana wurina, ban mayar ba.

Wassalam,
Innarka